Eric Wiebes

Eric Derk Wiebes (an haife shi ranar 12 ga Maris, 1963) injiniya ne kuma tsohon ɗan siyasar ƙasar Holand, ɗan jam'iyyar VVD mai ra'ayin sassauci da 'yancin kasuwa. Ya riƙe muƙamin Ministan Tattalin Arziki da Sauyin Yanayi daga ranar 26 ga Oktoba, 2017 zuwa 15 ga Janairu, 2021, a gwamnati ta uku ta Firaminista Mark Rutte. Kafin nan ya yi ƙaramin ministan kuɗi daga 2014 zuwa 2017, ya kuma kasance mamba a majalisar zartarwar birnin Amsterdam daga 2010 zuwa 2014.

An fi sanin Wiebes da abubuwa biyu. Na farko shi ne shawarar da gwamnati ta yanke a hannunsa a watan Maris na 2018 ta daina haƙo iskar gas a lardin Groningen, inda haƙar ta jawo girgizar ƙasa da ta lalata dubban gidaje. Na biyu kuma shi ne murabus ɗinsa a 2021, sakamakon badaƙalar tallafin renon yara, wadda a cikinta hukumar haraji ta ɗora wa dubban iyaye laifin zamba ba da haƙƙi ba. A kusan duk muƙaman da ya riƙe, an kira shi ne domin ya gyara wani aiki da ya riga ya cakuɗe kafin zuwansa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Wiebes a birnin Delft da ke lardin Kudancin Holand. Ya karanci injiniyancin injuna a Jami'ar Fasaha ta Delft, inda ya kammala a 1986. Daga baya ya tafi makarantar koyon kasuwanci ta INSEAD da ke Fontainebleau a ƙasar Faransa, ya sami digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci a 1991.

Aiki kafin siyasa

Ya fara aiki da kamfanin mai na Shell a ƙarshen shekarun 1980. Daga nan ya koma aikin ba kamfanoni shawara, da fari a McKinsey, sannan a OC&C Strategy Consultants, inda ya shafe fiye da shekara goma, daga 1993 zuwa 2004.

A 2004 ya shiga aikin gwamnati a Ma'aikatar Tattalin Arziki da ke birnin Hague. Ya fara da shugabantar sashen da ke kula da gasa tsakanin kamfanoni a kasuwa, kuma a 2007 aka ɗaga shi zuwa mataimakin babban sakataren ma'aikatar. Ita ce ma'aikatar da ya dawo ya shugabanta a matsayin minista shekara goma bayan haka.

Wiebes bai taɓa zama ɗan majalisar dokoki ta ƙasa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a Holand, domin tsarin mulkin ƙasar bai shardanta wa minista ya fito daga majalisa ba, hasali ma ɗan majalisar da aka naɗa minista sai ya ajiye kujerarsa. Jam'iyyun da suka haɗu suka kafa gwamnati su ne ke raba ma'aikatu a tsakaninsu, kowacce ta kawo wanda take so. Jam'iyyarsa ta VVD, wadda cikakken sunanta ke nufin Jam'iyyar Jama'a ta 'Yanci da Dimokuraɗiyya, an kafa ta a 1948, kuma ita ce ta jagoranci gwamnatocin ƙasar daga 2010 zuwa 2024.

Majalisar zartarwar Amsterdam (2010–2014)

Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2010, VVD ta shiga ƙawancen da ke mulkin Amsterdam, ta kuma gabatar da Wiebes a matsayin mamban zartarwa mai kula da sufuri, tituna da na'urorin kwamfuta na hukumar birnin. Ya yi aiki tare da magajin gari Eberhard van der Laan.

Babban nauyin da ya gada shi ne layin dogo na ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa arewacin birnin da kudancinsa, mai tsawon kusan kilomita 10. An fara ginin a 2003 da ƙiyasin kuɗi kimanin yuro biliyan 1.4. Amsterdam birni ne da aka gina a kan ƙasa mai laushi da ruwa, tsofaffin gidajensa na tsaye ne a kan turakun katako. A 2008 wasu gidajen tarihi a titin Vijzelgracht suka nutse saboda haƙar da ake yi kusa da su, aka tsayar da wani ɓangare na aikin, kuma mamban da ke kula da shi ya sauka a 2009. Wani kwamiti ƙarƙashin tsohon minista Cees Veerman ya ba da shawarar a ci gaba. A zamanin Wiebes aka haƙa manyan ramukan layin a ƙarƙashin tsakiyar birnin ba tare da an sake samun ɓarna irin ta baya ba. An buɗe layin a watan Yuli na 2018, bayan ya ci kimanin yuro biliyan 3.1. Wannan aiki ne ya fito da sunansa a matsayin mai iya warware ayyuka masu sarƙaƙiya.

Ƙaramin ministan kuɗi (2014–2017)

A ƙarshen Janairun 2014 ƙaramin ministan kuɗi Frans Weekers ya yi murabus, bayan majalisa ta matsa masa kan matsalolin hukumar haraji. Wiebes ya maye gurbinsa ranar 4 ga Fabrairu, 2014, a gwamnati ta biyu ta Rutte, wadda ƙawance ce tsakanin VVD da jam'iyyar Leba ta PvdA. Babban ministan kuɗi a lokacin shi ne Jeroen Dijsselbloem. A tsarin Holand, ƙaramin ministan kuɗi ne ke da alhakin dokokin haraji da hukumar tara haraji, wadda a lokacin ita ce kuma ke biyan tallafin kuɗin haya, na inshorar lafiya da na renon yara.

A 2015 ya yi ƙoƙarin sauƙaƙa tsarin haraji baki ɗaya, amma bai sami goyon bayan isassun jam'iyyun adawa ba, alhali gwamnati ba ta da rinjaye a majalisar dattawa. Abin da ya tsira daga shirin shi ne rage haraji na yuro biliyan 5 a kasafin 2016.

Ya kuma ƙaddamar da shirin sabunta hukumar haraji, da nufin rage aikin hannu a koma ga kwamfuta da nazarin bayanai. Wani ɓangare na shirin ya tanadi kuɗin sallama ga ma'aikatan da suka yarda su bar aiki da kansu. Waɗanda suka nemi tafiya sun zarce yadda aka zata nesa ba kusa ba, akasarinsu tsofaffin ma'aikata masu ƙwarewa, kuma kuɗin ya haura ƙiyasi da ɗaruruwan miliyoyin yuro. Majalisa ta soki lamarin sosai, Wiebes ya amince cewa ba a tafiyar da shi yadda ya dace ba, amma ya ci gaba da riƙe muƙaminsa.

Haka nan dokar da ya kawo a watan Mayun 2016 don bambance masu sana'ar kansu da ma'aikatan albashi ta jawo ruɗani. Kamfanoni da dama sun ji tsoron ɗaukar masu zaman kansu aiki don gudun tara, har ta kai ga ya dakatar da hukunta masu saɓa dokar a ƙarshen shekarar.

Ministan Tattalin Arziki da Sauyin Yanayi (2017–2021)

Bayan zaɓen Maris na 2017 an shafe kwana 225 ana tattaunawa kafin jam'iyyu huɗu, wato VVD, CDA, D66 da ChristenUnie, su kafa gwamnati. Wiebes ya gaji Henk Kamp a Ma'aikatar Tattalin Arziki. An cire harkar noma daga ma'aikatar aka mai da ita ma'aikata mai zaman kanta, aka ƙara mata kula da manufofin sauyin yanayi.

Iskar gas ta Groningen

An gano filin gas na Groningen a 1959 kusa da ƙauyen Slochteren a arewa maso gabashin ƙasar, aka fara haƙa a 1963. Shi ne fili mafi girma irinsa a Tarayyar Turai. Kamfanin NAM, wanda Shell da ExxonMobil suka mallaka rabi da rabi, shi ne ya riƙa haƙar, amma kaso mafi tsoka na ribar baitulmalin gwamnati ya riƙa shiga. Da wannan gas aka riƙa girki da ɗumama mafi yawan gidajen Holand, aka kuma riƙa sayar da shi ga Jamus, Beljiyam da Faransa.

Gas ɗin yana cikin wani dutsen yashi mai zurfin kimanin kilomita uku. Idan aka zuƙe shi, matsin da ke cikin dutsen yakan ragu, dutsen ya takure, tsagogin da ke cikinsa su motsa. Girgizar da ke biyo baya ba ta da ƙarfi sosai a ma'auni, amma da yake kusa take da doron ƙasa, ƙasar yankin kuma laka ce mai laushi, gidajen bulo da ba a gina su don jure girgiza ba sukan tsattsage. Mafi ƙarfi ita ce ta Huizinge a ranar 16 ga Agusta, 2012, mai maki 3.6 a ma'aunin Richter. Duk da gargaɗin hukumar sa ido kan haƙar ma'adinai cewa a rage haƙa, a 2013 an fitar da kusan kubik mita biliyan 54, fiye da na shekarun da suka gabace ta. Wannan ya zubar da amincin gwamnati a idon mutanen lardin.

Wata uku bai cika ba da hawan Wiebes, ranar 8 ga Janairu, 2018, girgiza mai maki 3.4 ta auku a Zeerijp. Ya ziyarci yankin, ya bayyana jinkirin biyan diyya a matsayin gazawar hukuma irin wadda ba a saba gani a Holand ba. Hukumar sa ido ta ba da shawarar a sauko da haƙar zuwa kubik mita biliyan 12 a shekara, daga biliyan 21.6 da aka amince da shi a lokacin. Ranar 29 ga Maris, 2018 gwamnati ta wuce nan, ta sanar da cewa za a daina haƙar gaba ɗaya kafin ƙarshen 2030.

Aiwatar da wannan shawara na da wuya saboda wani dalili na fasaha. Gas ɗin Groningen yana ɗauke da naitirojin kimanin kashi 14 cikin 100, don haka zafinsa bai kai na gas ɗin Norway ko Rasha ba, kuma murhu da na'urorin ɗumama gida na miliyoyin mutane an ƙera su ne daidai da shi. Kafin a rufe filin sai an gina masana'anta a Zuidbroek da za ta gauraya naitirojin da gas ɗin da ake shigowa da shi, sai manyan masana'antu sun sauya irin gas ɗin da suke ƙonawa, sai kuma ƙasashe maƙwabta sun rage saye. A watan Yunin 2018 Wiebes ya cimma yarjejeniya da Shell da ExxonMobil, inda suka amince ba za su nemi diyyar gas ɗin da zai rage a ƙasa ba, za su kuma ci gaba da ɗaukar nauyin ɓarnar girgiza. An karɓe aikin tantance diyya daga hannun NAM aka miƙa wa wata hukuma ta gwamnati, aka kuma ware yuro biliyan 1.15 don raya lardin.

Bayan wata girgiza mai maki 3.4 a Westerwijtwerd ranar 22 ga Mayu, 2019, ya sanar a watan Satumba cewa za a iya kawo ƙarshen haƙar tun a 2022.

Sai dai mazauna yankin ba su gamsu da shi ba ta wani ɓangaren. Da yake rage haƙa zai rage haɗari, Wiebes ya dakatar da wani sashe na shirin ƙarfafa gidaje a 2018 domin a sake ƙididdige waɗanda ke buƙatar gyara. Iyalan da aka riga aka yi wa alkawari suka shiga halin rashin tabbas, kuma jami'in da ke jagorantar aikin, Hans Alders, ya ajiye muƙaminsa a watan Mayun shekarar. A 2019 Wiebes ya nemi afuwa bayan ya kira wata girgiza da "'yar girgiza" a wata hira ta talabijin, kalmar da ta ɓata wa mutanen Groningen rai.

Manufofin sauyin yanayi

Gwamnatin ta ɗauki alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da kashi 49 cikin 100 kafin 2030, idan aka kwatanta da na 1990. Wiebes ya bi al'adar siyasar Holand ta zama a sasanta, ya tara kamfanoni, ƙungiyoyin ƙwadago, ƙungiyoyin kare muhalli da ƙananan hukumomi a rukuni biyar: lantarki, masana'antu, gine-gine, sufuri, da noma. Tsohon minista Ed Nijpels ne ya shugabanci zaman. An gabatar da Yarjejeniyar Yanayi ta ƙasa ranar 28 ga Yuni, 2019. A shekarar ce kuma majalisa ta zartar da Dokar Yanayi, wadda ta sa burin rage kashi 95 cikin 100 kafin 2050.

A ƙarƙashinsa aka kafa dokar hana samar da lantarki da kwal daga 2030, aka rufe tashar kwal ta Hemweg a Amsterdam a ƙarshen 2019, aka kuma ɗora wa manyan masana'antu harajin hayaƙi daga 1 ga Janairu, 2021. A 2018 kamfanin Vattenfall ya ci kwangilar gina injinan samar da lantarki da iska a cikin teku, a yankin Hollandse Kust Zuid, ba tare da tallafin gwamnati ba.

Ranar 20 ga Disamba, 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin shari'ar da gidauniyar Urgenda ta shigar, ta umarci gwamnati ta rage hayaƙi da aƙalla kashi 25 cikin 100 kafin ƙarshen 2020. Masu fafutukar muhalli sun zargi ma'aikatarsa da jan ƙafa da kuma sassauta wa manyan masana'antu, yayin da jam'iyyun dama irin su PVV da Forum voor Democratie suka ce matakan za su tsawwala wa talaka kuɗin wuta.

Annobar korona

A watan Maris na 2020, tare da ministan kuɗi Wopke Hoekstra da ministan ƙwadago Wouter Koolmees, ya gabatar da shirin agajin gaggawa ga kamfanoni da ma'aikata. Ma'aikatarsa ta biya yuro 4,000 kai tsaye ga ƙananan 'yan kasuwar da aka rufe wa shaguna da gidajen abinci, daga baya ta ƙara da tallafin biyan haya da sauran kuɗaɗen da ba sa tsayawa ko da an rufe kasuwa. A farkon annobar ya sha suka kan furucinsa cewa masu sana'ar kansu sun zaɓi ɗaukar kasada da saninsu.

Badaƙalar tallafin renon yara da murabus

Tun daga 2005 gwamnatin Holand ke taimaka wa iyaye masu aiki da kuɗin kai yara gidan reno. Ana biyan kuɗin ne tun kafin a tantance takardu, a daidaita lissafi daga baya. Bayan da aka bankaɗo wata zambar tallafi da wasu 'yan Bulgariya suka yi a 2013, majalisa da gwamnati suka tsananta farautar masu zamba. Hukumar haraji ta riƙa tsayar da tallafin iyaye rukuni-rukuni idan ta yi zargin gidan renon da suke hulɗa da shi. Ƙaramin kuskure, kamar rashin sa hannu ko gaza biyan wani ɗan kaso na kuɗin reno, yakan sa a nemi mutum ya mayar da dukan abin da ya karɓa, wani lokaci dubban yuro masu yawa. Wanda aka yi wa tambarin mai zamba kuma ba a ba shi damar biya a hankali daidai ƙarfinsa. Iyalai da yawa sun faɗa cikin bashi, wasu sun rasa aiki ko muhalli, wasu aurensu ya mutu.

Yawancin wannan ya faru ne a shekarun da Wiebes ke kula da hukumar. A watan Agustan 2017 mai karɓar koke-koken jama'a na ƙasa ya fitar da rahoto kan iyalai 232 da aka tsayar wa tallafi ba bisa ƙa'ida ba. Lauya Eva González Pérez, 'yan majalisa Pieter Omtzigt da Renske Leijten, da 'yan jaridar Trouw da RTL Nieuws su ne suka nace har lamarin ya fito fili. Magajin Wiebes a ma'aikatar kuɗi, Menno Snel, ya sauka a watan Disambar 2019. A 2020 hukumar kare bayanan jama'a ta gano cewa hukumar haraji ta yi amfani da bayanin ƙasar asalin mutane da na masu shaidar zama 'yan ƙasa biyu ta hanyar da ta saɓa doka kuma ta nuna wariya.

Kwamitin majalisa ƙarƙashin Chris van Dam ya saurari Wiebes a watan Nuwamban 2020, inda ya ce bai gane girman matsalar ba a lokacin da yake kan kujerar. Rahoton kwamitin, mai taken da ke nufin "Zaluncin da ba a taɓa gani ba", ya fito ranar 17 ga Disamba, 2020. Ya ɗora laifi a kan ma'aikatu, majalisa da kotunan da ke duba hukunce-hukuncen gwamnati, ya ce an keta ginshiƙan bin doka. A lokacin an ƙiyasta iyayen da abin ya shafa sun kai kimanin 26,000, kuma gwamnati ta yi alkawarin biyan kowane gida aƙalla yuro 30,000.

Ranar 15 ga Janairu, 2021 dukan majalisar ministocin Rutte ta miƙa takardar murabus ga Sarki Willem-Alexander. Sauran ministoci sun ci gaba da riƙon ƙwarya har zuwa bayan zaɓen Maris, amma Wiebes ya bar ofis nan take, yana mai cewa yana da kaso a alhakin abin da ya faru. Cora van Nieuwenhuizen ta riƙe ma'aikatar na 'yan kwanaki, sannan aka naɗa Bas van 't Wout ranar 20 ga Janairu.

Bayan barin gwamnati

A 2022 Wiebes ya ba da shaida a gaban kwamitin binciken majalisa kan haƙar gas a Groningen, wanda Tom van der Lee ya shugabanta. Rahoton kwamitin na ranar 24 ga Fabrairu, 2023 ya nuna cewa filin ya samar da yuro biliyan 429 a tsawon shekarunsa, inda biliyan 363 suka shiga aljihun gwamnati. Ya kammala da cewa an daɗe ana fifita kuɗi a kan lafiya da tsaron mutanen lardin, kuma ƙasar na da bashin mutunci da za ta biya su. A watan Afrilun 2023 gwamnati ta yi alkawarin yuro biliyan 22 cikin shekara 30 don gyara da raya yankin.

Yaƙin Rasha da Yukren ya sa farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, aka kuma yi ta kiran a sake buɗe filin sosai, amma gwamnati ba ta janye shawarar 2018 ba. An tsayar da haƙa ranar 1 ga Oktoba, 2023, kuma a watan Afrilun 2024 aka zartar da dokar rufe filin Groningen dindindin.